Zanen Inna Atine

Mardiyya tana shagonta na man riɗi a kasuwar Gadarif ta ƙasar Sudan, tana ɗura wa wata mata mai a jarka, saƙon Elfatih ya shigo wayarta. Elfatih ɗan unguwarsu ne, ya daɗe a ƙasar Holan yana tuƙin tasi, kuma ba ya aiko da komai sai barka da Juma'a da hotunan 'ya'yansa. Wannan karon murya ya turo, yana dariya. Ya ce ya ji labarin wani babban gidan ajiye zane-zane na birnin da yake ya sayi aikin Kamal, shi ya sa ya kwashi iyalinsa suka je su gani da idonsu. Ya ce Kamal dai ba ya rabuwa da Inna Atine, ko tsohuwar Habasha ya tashi zanawa sai ya ba ta fuskar Inna.

Sai da matar ta tafi Mardiyya ta goge hannunta ta buɗe hoton. Ba kama ba ce. Uwarta ce zaune a kan bambar, 'yar kujerar nan ta saƙar igiya, kai a sunkuye, tobinta ya zame zuwa kafaɗa, kitson furfura duk a waje. Ga tabon ƙuna a bayan hannun dama, wanda kaskon toya kisra, gurasar dawa, ya yi mata tun Mardiyya na ƙarama. Mardiyya ta san zanen, don a gabanta aka yi shi. Sai dai a wanda ta sani, faifai ne a cinyar Inna cike da riɗi tana tsince tsakuwa, a bayanta ga bukkar gidansu mai jinka da itacen darbejiya. A wannan kuwa faifan ya koma kwanon roba, ba komai a cikinsa. Bukka ta ɓace, darbejiya ta ɓace, sai fararen tantuna a jere har iya ganin ido. Sunkuyawar da Inna ta yi don neman tsakuwa ta zama sunkuyawar wadda duniya ta juya wa baya.

Elfatih ya haɗo da hoton ɗan allon da ke gefen zanen, ya fassara mata: Uwa, sansanin Um Rakuba, 2021. Aikin Kamal Elsadig.

Kamal ba ɗan Inna Atine ba ne, amma nononta ya sha. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da gidan Elsadig tela. Lokacin da Hajar matar Elsadig ta haifi Kamal, zazzaɓi ya kwantar da ita har nononta ya ƙafe, ita kuwa Atine tana goyon Mardiyya. Ba wanda ya roƙe ta, ta shiga ta ɗauko jaririn. Daga baya mazan suka fasa katangar suka sa 'yar ƙofa, don matan sun gaji da zagayawa ta titi. A tsakanin gidajen biyu Kamal ya tashi, can ya ci kisra, nan ya ci tuwo da miyar kuka.

Kakan Inna Atine daga Haɗeja ya taso a ƙafa zai je Makka. Ya tsaya Gadarif ya yi noman damina ɗaya don ya sami guzuri, damina ta zama shekaru, a nan aka binne shi. Ubanta ya sare daji ya yi gona a Simsim, a nan shi ma ya mutu. Duk da haka, duk ranar da ɗan gidan ya je neman wata takarda sai an dube shi an ce asalinku ina ne. Kamal ya san wannan ciwon sarai. Suna makarantar firamare ya taɓa fasa wa wani baki saboda ya ce wa Mardiyya su koma ƙasarsu, har aka kira Elsadig daga shago.

Da ya girma ya tafi Khartum ya karanta zane, ya zauna a Bahri, arewacin birnin, ya yi aure. Shekarar da mutanen Tigre suka ƙetaro daga Habasha gudun yaƙi aka sake buɗe sansanin Um Rakuba, wata ƙungiya ta ɗauke shi ya koya wa yaran sansanin zane. Ranakun hutu yakan dawo Gadarif. A kakar da ta biyo, ranar da buhunan riɗi suka iso daga Simsim, ya tarar da Inna a ƙarƙashin darbejiya tana tsinta, ya ce don Allah kada ta motsa.

Inna Atine ba ta son hoto. Ko a bikin jikokinta sai ta ja tobi ta rufe rabin fuska. Amma ta zauna masa, yau da gobe, tana yi masa tsiya cewa ya ƙaro mata hanci. Da tobin ya zame ta kai hannu za ta gyara, ya ce ta bar shi haka, ai ɗanta ne ke kallo, kuma a ɗakinta za a rataya shi. Ta bari. Da ya gama ya naɗe zanen ya ce zai kai Khartum a kewaye shi da katako, ya dawo da shi da Sallah. Sallah ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Sai yaƙi ya ɓarke a Khartum, Kamal ya gudu Masar da matarsa Ilaf, daga can aka ji ya isa Turai. Ba wanda ya ƙara tuna zane a lokacin da mutane ke neman inda za su sa kai.

Mardiyya ta rufe shagon tun kafin la'asar. Ba ta wuce gida ba, ta zauna a kan jarka ta rubuta sunan Kamal a waya. Ta sami wani bidiyo da gidan zane-zanen ya ɗora. Kamal ne tsaye a gaban zanen cikin kwat mai kauri, ya yi ƙiba kaɗan, yana magana da Larabci ana fassarawa a ƙasa. Ya ce ya gamu da matar a bakin sansanin wata safiya, ta tako da ƙafa ta ƙetare kogi, ta baro 'ya'yanta maza a baya. Ya ce ba su da yare ɗaya, da ido kawai suka yi magana. Mai tambayar ta ce mene ne sunanta. Kamal ya ce bai taɓa sanin sunanta ba.

Ta kira shi nan take. Ya ɗauka da fara'a, yana tambayar Inna da ciwon gwiwarta. Ta ce masa ta ga zanen.

Bai musa ba. Ya ce duk zane-zanen da ya yi na mutanen sansanin sun ƙone a ɗakin aikinsa na Bahri. Ranar da suka gudu abu ɗaya ya iya ɗauka, shi ne na Inna, saboda na Inna ne. A Alkahira takardar zamansu ta ƙare, Ilaf na da ciki, ɗaki ɗaya suke rabawa da wasu iyali. Sai waɗansu masu shirya baje koli a Turai, da suka taɓa ganin hotunan aikinsa na Um Rakuba, suka ce in yana da ko da guda ɗaya za su gayyace shi, gayyatar kuma ita ce biza. Ya ce ya kwana yana kallon zanen kafin ya sa masa fenti. Ya ce ita tana Gadarif, yaƙi bai shigo mata gida ba, ba ta san abin da ya gani a hanyar Halfa ta zuwa Masar ba.

Mardiyya ta ce gidansu cike yake da mutanen Madani da suka gudo, ita ta san abin da yaƙi ke yi. Ta ce da tantunan kawai ya ƙara, da sai ta ce wuya ce ta sa. Amma labarin fa? Kogin da 'ya'yan da aka baro?

Ya ce tambayarsa suka yi ta yi, kuma labarin ba ƙarya ba ne, na wata mata ce da ya sani a sansanin.

“To ita sai ka ba ta fuskar uwarmu, uwarmu kuma ka ce ba ka san sunanta ba.”

“Mardiyya, ban zaci wani daga Gadarif zai gani ba.”

“Na sani. Da shi ka dogara.”

Ta kashe wayar. A hanya cikin rakša, keke mai ƙafa uku, ta yanke shawarar ba za ta gaya wa Inna ba.

Ashe Elfatih, don murna, ya riga ya sa hoton a zauren wayar 'yan unguwa. Kafin kwana biyu kowa ya gani. Wasu suka yi ta yabon Kamal, ɗan unguwa ya kai Turai. Waɗanda suka san Inna sosai suka yi shiru. Wata mai baƙin ciki da gidan tun tuni ta tsare Mardiyya a gidan biki, ta ce cikin dariya ashe dama daga Habasha suke ba su faɗa ba, kuma ashe Hajiya na da gashi haka.

Daga ɗaya cikin matan Madani da ke zaune a gidan ne Inna ta ji. Matar ba ta san komai ba, ta zo da wayarta tana cewa Hajiya zo ki ga mai kama da ke. Da Mardiyya ta dawo daga kasuwa ta tarar da uwarta zaune a bakin angarib, gadon igiya, ta sa tabaran da ba ta sawa sai za ta zura zare a allura. Ta ce a ba ta a babbar waya.

Ta daɗe tana kallo. Ta matso da shi, ta nisanta. Abin da ta fara tambaya shi ne ina riɗin ya tafi. Mardiyya ta ce ya shafe. Ta tambayi abin da aka rubuta a gefe, Mardiyya ta faɗa mata. Ta ce an ce har magana ya yi a kai, a kunna mata. Mardiyya ta ce bidiyon ba ya buɗewa, layin ba kyau. Inna ta ɗago ta dube ta ta saman tabarau, irin kallon da take yi musu suna yara in sun ce ba su ne suka sha nonon ba. Mardiyya ta kunna.

Inna ta saurara har ƙarshe. Da aka zo wurin sunan ta ce a mayar baya, ta sake ji. Sannan ta miƙa wayar, ta cire tabarau, ta ja tobinta ta rufe kanta, alhali ba kowa a tsakar gidan sai mata. Ta tashi ta je ta duba tukunyar da ke kan wuta, ta ce an cika gishiri.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi Allah ya isa ba. Abin da Mardiyya ta lura da shi kawai, daga ranar Inna ba ta ƙara zama kai a buɗe ba, ko a ɗakinta, ko da rana ta take. Jikarta da ta saba yi mata kitso a tsakar gida, yanzu sai an rufe ƙofa.

Washegari Hajar ta shigo idanunta a kumbure. Ba ta biyo ta 'yar ƙofar katanga ba, ta titi ta zagayo ta yi sallama kamar baƙuwa. Ta zauna a ƙasa ta kama ƙafar Atine tana rantsuwa ba ta san komai ba. Atine ta ɗaga ta, ta ce ba ita ta riƙe burushin ba. Ta sa aka soya 'ya'yan bunni, ta dafa gahawar jabana da citta kamar yadda suka saba, suka sha. Sun yi maganar tsadar gawayi da mutanen da ke kwana a makarantu. Da Hajar ta tashi tafiya, ta titi ta koma.

Mardiyya ba ta da haƙurin uwarta. Ta sake kiran Kamal ta ce abu biyu ne, ko a sauke zanen ko a faɗi gaskiya. Ya ce zanen ba nasa ba ne yanzu, na gidan ne, ba shi da ikon taɓa shi. Ya ce in ya fito ya ce ƙarya ya yi, ba wanda zai ƙara kallon aikinsa, kuma takardar zamansa a kan aikin take. Ya roƙe ta ta ba shi lokaci, zai san yadda zai yi. Ta ba shi. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa. In ta tura saƙo sai ya amsa da cewa yana kan magana da su.

Elfatih ne kunya ta hana shi sukuni, don shi ya watsa hoton. Ba tare da ya gaya wa kowa ba ya ajiye tasinsa wata rana ya koma gidan zane-zanen, ya nemi ganin mai kula da sashen. Ya ce mata matar da ke jikin bangon nan ya san ta, tana raye, a Gadarif aka haife ta, aka haifi ubanta, ba ta taɓa kwana a tanti ba. Matar ta saurare shi da kyau, ta rubuta, ta karɓi lambarsa, ta ce za su tuntuɓi mai zanen. Bayan makonni ta kira shi ta yi godiya. Ta ce mai zanen ya yi musu bayani cewa fuskar ba ta mutum ɗaya ba ce, haɗi ne na mata da yawa da ya gani a rayuwarsa, don haka ba mamaki wasu su ga kamar sun san ta. Amma don gudun ruɗani sun canza allon. Elfatih ya je ya ɗauko hoton sabon allon. Yanzu an rubuta: Uwa, gabashin Sudan. Bidiyon kuma an cire shi. Tantunan suna nan, kwanon roba yana nan.

Wannan ya fi yi wa Mardiyya zafi fiye da na farko. A Alkahira ta yarda wuya ce ta kama shi. Yanzu kuwa yana da ɗaki, yana da abinci, an tambaye shi a natse, ya sake musun ta. Ta tattara abin da take da shi. Akwai hoton da ta ɗauka a wancan lokacin, Kamal a tsaye da burushi, Inna a gabansa da faifai, zanen a tsakani da bukkarsa da darbejiyarsa. Ta ce za ta tura wa Elfatih ya kai musu, ta kuma watsa shi kowa ya gani.

Ta gaya wa Inna tana zaton za ta ji daɗi. Inna ta tambaye ta, in an yi haka me zai sami Kamal. Mardiyya ta ce ƙila su kore shi daga aikin, ƙila ma daga ƙasar, kuma shi ya jawo. Inna ta ce ita jaririyar da Ilaf ta haifa fa, ita ma ta jawo? Ina za a mayar da su, Bahri? Mardiyya ta ce to haka za a bar ta a jikin bango, kai a buɗe, arna da Musulmi na wucewa suna jin tausayinta?

“Ba za a ce daga gidan nan aka koro jikar Hajar ba,” in ji Inna. “Goge hoton.”

Mardiyya ba ta goge ba, amma ba ta tura ba. Ta yi kwanaki ba ta yi wa uwarta doguwar magana ba. Tana ganin Inna ta yafe masa da arha, shi ya ci riba ta ko'ina.

Ranar Babbar Sallah, damina ta fara sauka, tsakar gida duk laka. An yanka rago, matan Madani na yanka nama a kan tabarma, hayaƙi ya cika gida. Da hantsi sai ga Hajar da waya a hannu, ta riƙe ta da hannu biyu kamar kwanon da ya cika. Ta ce Kamal ne, yana so ya yi wa Innarsa barka da Sallah. Inna ta wanke hannu, ta gyara tobinta har goshi, ta karɓa.

Fuskarsa ta cika wayar, jaririyar na kafaɗarsa. Ya ce, da Hausa, “Inna, barka da Sallah.”

Tun yana rarrafe Inna ba ta taɓa yi masa magana da wani yare ba sai Hausa. Da Hausa ta yaye shi, da ita take zaginsa, da ita take sa masa albarka. Yau da Larabci ta amsa. Ta yi masa gaisuwar Sallah cikakkiya, irin wadda ake yi wa jami'in da ya zo duba gona. Ta tambayi lafiyarsa, da ta iyalinsa, da sanyin ƙasar. Ta ce Allah ya raya yarinya. Ta kira shi ustaz.

Ya sake cewa, “Inna, ni ne fa, Kamal. Ki yafe mini.”

Ta ce, da Larabci dai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ta miƙa wa Hajar wayar, ta koma wurin naman, ta ce wa ɗaya daga cikin matan ta rage girman yankan, ba zai soyu ba.

Hajar ta tsaya a tsakiyar gida, muryar ɗanta na fitowa daga wayar yana ta kiran Inna. Ba ta san yadda ake kashewa ba. Mardiyya ta zo ta karɓa ta kashe mata. A lokacin ne ta gane ba yafewa uwarta ta yi ba, kuma abin bai yi mata daɗin da ta zata ba.

Ta zuba nama a kwano ta raka Hajar. Suka fita titi suna tsallake ruwan da ya kwanta, Mardiyya na riƙe da gwiwar hannunta kada ta zame. A ƙofar gidan Hajar ta tsaya, ta tambaye ta ko tana ganin abin zai wuce. Mardiyya ta ce wallahi ba ta sani ba. Ta shigar mata da kwanon har ɗaki, ta ce za ta aiko da soyayye in an gama.